Kwana 100 Rabona da Sigari

Asabar, bayan sallar Isha'i. Mabera, Sakkwato.

Yau na cika kwana 100 cif rabona da sigari, bayan na shafe shekara 22 ina zuƙarta, kuma da na idar da sallar Asuba niyyata ita ce in rubuta godiya ga Allah a layi biyu in ajiye biro. Abin da ya sa na tsawaita shi ne kaftanin da aka ɗinka mini da Ƙaramar Salla, wanda na ɗauko da safe na tarar ya ɗame ni a ciki har ina jin numfashina yana tokare shi. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, wanga tumbi sabo na." Ba da wasa ta faɗa ba, ni ma ban ɗauke shi wasa ba, domin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, hawan jini da ciwon suga ne suka kwantar da shi shekara huɗu kafin rasuwarsa.

Da ma yau ce ranar komawata awon jini, saboda haka da ƙarfe tara ina gaban likita. Ranar da na yar da kwalin ƙarshe nauyina kilo 78 ne, yau kuwa sikeli ya nuna 84. Likitan ya auna tsawona ya samu mita 1.72, ya raba nauyin da tsawon, ya sake raba abin da ya samu da tsawon, lissafi ya ba shi 28 da 'yan kai. Ya ce daga 25 mutum ya wuce kima, daga 30 kuma ya shiga ƙibar da ake lissafawa a matsayin cuta, wato tsakanina da ita bai fi kilo 5 ba. Ya zagaya cikina da tef irin na tela ya samu santimita 99, alhali ga namiji haɗari yana farawa ne daga 94, domin kitsen da ke taruwa a ciki ya fi na sauran jiki kusanci da ciwon suga da ciwon zuciya.

Na tambaye shi kai tsaye ko barin tabar ne ya jawo mini wannan, sai ya ce ƙwarai da hannunsa a ciki, kuma ba ni kaɗai ba ne, domin yawancin waɗanda suka daina sukan ƙaru da kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, galibi a watanni ukun farko. Sinadarin nikotin yana danne yunwa, yana kuma sa jiki ya ƙona abinci da ɗan sauri, don haka idan aka janye shi yunwa takan dawo da ƙarfinta. Ga harshe da hanci sun farfaɗo, abinci ya ƙara daɗi, ga hannu da baki da suka saba haɗuwa sau da yawa a yini suna neman abin da za su maye gurbi da shi. Wannan na ƙarshe shi ya fi taɓa ni, domin na gane kaina a cikinsa sarai. Amma ya ja kunnena da cewa kada in kuskura in auna kilo shida da sigari a sikeli ɗaya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara, kuma wanda ya shekara ɗaya bai sha ba, haɗarin ciwon zuciyarsa yakan ragu zuwa kusan rabin na mai sha.

Da na fito sai na zauna a kan benci a inuwar dogon yaro, na ɗauko takardar magani na juya bayanta, na fara rubuta abin da na ci jiya ba tare da na ɓoye wa kaina komai ba. A da, idan na fito gida, kara biyu nake sha a teburin mai shayi in wuce ofis. Yanzu a teburin nan dai nake zama, amma da babban kofi mai suga cokali huɗu da madarar gwangwani, da burodi da wainar ƙwai, sannan in maimaita shayin da dare. Da rana, a daidai lokacin da nakan fita bayan ofis in kunna sigari, yanzu lemon kwalba nake aika a sayo mini, kuma babbar robar nan ta rabin lita tana ɗauke da suga kusan ƙaramin cokali 12, wanda shi ne iyakar abin da ake so babban mutum ya sha a yini guda. Ban sa alewar da nake tsotsa a mota ba, ban sa tsiren da nakan tsaya saya bayan Magariba ba. Ashe ban kashe kwaɗayin ba, gida kawai na sauya masa.

Abin da ya hana ni lura da wuri shi ne yabo. Tun da jikina ya fara cika, babu wanda ya gamu da ni ya ce in yi hattara, sai dai a ce na yi kyau, na murje, an samu wuri. A wurinmu rama ce ke tayar da hankalin dangi, tumbi kuwa shaidar hutu ce da rufin asiri, har ana yi wa mai shi kirari. Ina ganin wannan ɗabi'a tana cutar da mu fiye da yadda muke zato, kuma abin mamaki ne a garin da kowane ɗalibin zaure ya san hadisin da ya raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi.

Daga asibiti na wuce Babbar Kasuwa. Hunturu ne, kayan lambu na fadama sun shigo sun yi araha, don haka da kuɗin da a da nake kashewa a sigari na mako guda na cika leda da kabeji da karas da tumatir da albasa da ganyen zogale, har da kankana guda. Likita ya ce a nemi giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, kuma da na lissafa sai na ga ba wani abincin Turawa ake nufi ba. Kwaɗon zogale ne da rama da tafasa, da ɗanwake da dafaffen wake, da furar gero da nono, abincin da muka tashi a kansa muka raina shi bayan mun fara ɗaukar albashi.

A gida mun daɗe muna magana da uwargida a bakin murhu, kuma ita ce ta fi ni shawara mai amfani. Ta ce ba za ta dafa tukunya biyu ba, gyaran na gidan ne gaba ɗaya, domin autarmu ma ta fara ƙin ruwa sai lemo. Ta rage man da take zubawa a miya, ta rage magi ta ƙara daddawa, tun da gishirin da ake so mutum ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma magin ma gishiri ne. Da rana na ci malmalar tuwo ɗaya maimakon biyu, na cike da kwaɗo. Fura babu suga ta yi mini salam a kurɓin farko, amma kafin in kai rabin kwanon na fara jin ɗanɗanon geron da suga ya daɗe yana rufewa.

Jarrabawar yau ta zo ne a majalisa bayan La'asar. Wani abokina da muka fara shan taba tare tun muna makarantar sakandare ya ji labarin sikelin, sai ya miƙo mini kwali ya ce, "Ka gani ko? Kara guda bayan abinci shi ka tsare jiki." Ƙanshin ya bugi hancina, yawuna ya tsinke, kuma na yi kusan minti uku ina murza aswaki a baki ban iya cewa komai ba, har kwaɗayin ya taso ya kai ƙarshensa ya lafa kamar yadda ya saba. Ana cikin haka ya kira wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya aike shi kanti ya sayo ƙari. Tun 2015 dokar ƙasar nan ta hana sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara, amma yaron ya je ya dawo da kara uku a tafin hannu. Ban iya yi wa abokina faɗa ba, domin ni ma shekara da shekaru babban ɗana nake aika, kuma har yanzu ban san abin da na dasa masa a zuciya ba. Na dai roƙe shi, don girman Allah, ya daina aiken yara, ya yi shiru bai amsa ba.

Ban hau kabu-kabu na dawo ba, da ƙafa na tako, minti 35 a agogona, na ɗaure hanci da rawani saboda ƙura. Ana so mutum ya samu minti 150 na irin wannan tafiya a mako, kuma na lura ban tsaya tari ko sau ɗaya ba, alhali wata huɗu da suka wuce matakalar ofis kaɗai takan sa in dafa bango. Na wuce mai tsire ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa na ci gaba da tafiya.

Shayin dare na sha shi a gida da suga cokali ɗaya da citta. Na rubuta 84 da 99 a bangon littafin nan, likita ya ce in koma bayan mako shida, uwargida kuma ta rataye kaftanin a bayan ƙofa ta ce ba za a kai wa tela ya buɗe shi ba.