Darussa daga dasa laburaren C a kan allon da ba shi da Linux

Yawancin masu haɗa ƙananan na'urori a nan Legas, irin su injin buga rasit, mitar wuta da na'urar lura da batirin sola, a kan kwamfuta muka koyi C, harshen rubuta shirye-shirye. A can printf mai buga rubutu da malloc mai ba da memori kamar famfo suke, ka murɗa ruwa ya zubo. Sai an sayo allo mai cip ɗin STM32F103C8 a Computer Village ta Ikeja, RAM 20KB, filash 64KB, babu Linux a ƙarƙashinsa, sannan ake gane cewa da akwai mai turo ruwan, yanzu kuma aikin ya dawo kanka.

Laburaren C, wato tarin ayyuka irin su printf da malloc, da ke zuwa tare da arm-none-eabi-gcc, manhajar harhaɗa shiri don cip ɗin ARM irin wannan, shi ne newlib. Ya iya tsara rubutu da rarraba memori, amma bai san inda zai kai rubutun ba, bai kuma san inda memorin yake ba. Don haka ya bar ƙofofi kusan ashirin, irin su _write, _read, _sbrk, _fstat, _isatty da _exit, kai za ka cike su. Da yawa suna saka nosys.specs, wanda ke cike ƙofofin da ayyukan wofi, don linka, manhajar da ke haɗa sassan shiri, ya daina ƙorafi. Ƙorafin zai tsaya, amma abin da aka cusa a yawancin ƙofofin bai wuce mayar da -1 ba. Shirin zai harhaɗu lafiya lau, ya hau allo, ya yi tsit.

_write ita ce mai sauƙi: ta tura kowane bait ta UART, layin da cip ke aika rubutu waje, ta mayar da adadin da ta tura. Idan ta mayar da sifili, laburaren zai ɗauka an sami matsala ya daina. Rubutun da ba ya ƙarewa da \n, alamar sabon layi, kuwa yana iya kwana a ma'ajin stdout, mafitar rubutun printf, har sai an kira fflush ta turo shi. Ma'ajin nan bait 1024 ne, kuma printf ta farko ce take karɓo shi daga malloc, wato kashi 5 cikin 100 na RAM ɗin ya tafi a layi guda. Kiran setvbuf da _IONBF a farkon main yana hana hakan.

Inda aka fi shan wuya shi ne _sbrk, kuma a ganinmu nan ya kamata a kashe rabin lokacin aikin. Duk lokacin da malloc ta rasa wuri, _sbrk take roƙo ta ƙara mata fili, daga alamar end da ke cikin fayil ɗin linka zuwa sama. Shi kuma stak, inda ayyuka ke ajiye kayansu na wucin gadi, daga ƙarshen RAM yake gangarowa. Idan babu mai tsaron iyaka, ranar da suka haɗu malloc za ta ba da filin da stak yake zaune, na'urar ta faɗa HardFault, wato kuskuren da ke tsayar da cip, a wani wuri da ba shi da alaƙa da laifin. Irin wannan ba ya bayyana a kan teburin gwaji. Sai na'ura ta yi kwanaki tana aiki a shago a Mile 12 ko Agege, ta fara mutuwa tana tashi, mai shago ya ɗora wa wutar NEPA laifi.

Samfurin _sbrk da ake yawan kwafa yana gwada sabuwar iyaka da inda stak yake a lokacin. Wannan daidai ne muddin shiri ɗaya ke gudana. Da zarar an sa FreeRTOS, tsarin da ke gudanar da ayyuka da yawa a kan cip ɗaya, kowane aiki yana da nasa stak, galibi a adireshin da ke ƙasa da filin malloc, sai gwajin ya riƙa cewa wuri ya ƙare alhali akwai shi jingim. Gyaran shi ne a yanka tsayayyiyar iyaka a fayil ɗin linka, a gwada da ita. In an kai ta, a sa ENOMEM, lambar ƙarewar memori, a errno, inda ake ajiye lambar kuskure, a mayar da (void *)-1. Mayar da sifili a nan kuskure ne, domin malloc za ta ɗauke shi a matsayin adireshi.

Har yanzu a kan FreeRTOS: ayyuka biyu da suka shiga malloc lokaci guda za su yamutsa lissafinta. Dole a rubuta __malloc_lock da __malloc_unlock, kuma makullin ya zama wanda mai riƙe da shi zai iya sake ɗauka, in ba haka ba aiki zai kulle kansa. A kuma sa configUSE_NEWLIB_REENTRANT ya zama 1 don kowane aiki ya sami nasa errno. Kiran printf ko malloc daga cikin intarof, wato aikin da ke katse shiri idan wani abu ya taso, wannan a bar shi kwata-kwata.

Wasu abubuwan ƙanana ne amma suna cin yini. A ARM, char ba ta ɗaukar lambar ƙasa da sifili, saɓanin x86 na kwamfuta, don haka wanda ya zuba sakamakon getchar a char ba zai taɓa ganin EOF ba, alamar ƙarshen shigarwa da ke ƙasa da sifili. Da nano.specs, ƙaramin sigar newlib, %f ta lambobi masu ɗigo ba ta buga komai sai an ƙara -u _printf_float, shi kuma yana cin filash sosai. Kuɗi dai gara a lissafa su da kwabo a cikakkiyar lamba. Alamar ₦ bait 3 ce a UTF-8, ƙ da ɗ da ɓ bait 2 kowanne, kuma %-10s, mai jera rubutu a gurbi goma, bait take ƙirgawa ba haruffa ba, shi ya sa sunan Ɗanladi ke karkatar da layin rasit.

Sai agogo. Babu fayilolin yankunan lokaci a kan allon, don haka localtime ta dogara ne da abin da aka sa a TZ, inda ake rubuta yankin lokaci. Najeriya tana gaban UTC da awa 1, amma a ƙa'idar POSIX alamar juyewa take: WAT-1 ake rubutawa, sannan a kira tzset. Wanda ya rubuta WAT+1, rasit ɗinsa zai makara da awa 2. A kuma buga sizeof(time_t), wato bait nawa ke riƙe ƙidayar daƙiƙun agogo, a gani da ido. Idan 4 ya fito, agogon zai cika ya juye ranar 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Legas, kuma mitar da aka kafa a bango bana tana iya kai wannan ranar tana aiki. Tun daga newlib 3.0.0 bait 8 ne, sai dai in wanda ya harhaɗa laburaren ya zaɓi akasin haka.