Kiɗan fili daban, kiɗan bidiyo daban

Duk azumi, da an idar da tarawihi, filayen haya na Jidda da Makka da Riyad sukan cika da gasar ƙwallon unguwanni, kuma ba a barin matasanmu Hausawa a baya. Yanzu da wuya ka ga gasar da ba ta da mai ɗaukar bidiyo da shafi a Snapchat ko TikTok, wasu har da tashar YouTube mai nuna wasan ƙarshe kai-tsaye. Abin da ke damuna shi ne yawan aikin da ke salwanta saboda kiɗa. Yaro ya kwana yana yanka bidiyo, gari ya waye an kashe masa sauti ko an toshe bidiyon. Sau da yawa ma ba shi ya ɗora waƙar ba. Lasifikar fili ce ta buga ta lokacin hutun rabin lokaci, kyamara ta kwasa.

Kowace waƙa da aka naɗa tana da masu ita kashi biyu. Akwai wanda ya tsara baituka da karin, ko kamfanin da ke kula masa da su. Akwai kuma mai naɗin kansa, wato wanda ya biya kuɗin situdiyo, ko mawaƙin ne ko kamfani. Yardar ɗaya ba ta wadatar idan babu ta ɗayan. Shi ya sa mawaƙi zai ce maka "je ka sa, na yafe" a WhatsApp, amma kamfanin da ya sayi naɗin ya toshe bidiyonka, kuma da gaskiyarsa.

Izinin ma ba iri ɗaya ba ne. Buga waƙa ga taron jama'a a fili izini ne mai zaman kansa. Ɗora ta a kan hoto mai motsi wani izinin ne. Watsa ta kai-tsaye ta intanet na uku ne. Manyan ƙungiyoyi ma suna zamewa a nan: a 2024 wasu kamfanonin waƙa sun kai ƙungiyoyi 14 na gasar ƙwallon kwando ta NBA kotu a Amurka, ba don abin da aka buga a zaure ba, sai don waƙoƙin da aka ɗora a bidiyoyin shafukansu. Kuɗin da kake biyan Spotify ko Anghami kuwa na sauraronka ne kai kaɗai. Bai ba ka ko ɗaya cikin ukun ba.

A Saudiyya hukumar kare mallakar fasaha, SAIP, ita ke kula da wannan fanni. Dokar haƙƙin mallaka ta 2003 ta tanadi tara har riyal 250,000, da ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, da rufe wurin sana'a har wata 2. Ƙasar ta shiga Yarjejeniyar Berne, ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, a 2004, Nijeriya da Nijar kuma suna ciki tun kafin nan. Ma'ana waƙar da aka naɗa a Kano ko Maradi tana da kariya a Jidda. Ina jaddada wannan domin wasunmu suna ganin waƙar Hausa ta kowa ce, ta Bature ce kawai ake tsoro. Mawaƙinmu shi ya fi cancanta a biya shi. Haka nan nashidi da shela, wato waƙar Larabawa ta murya zalla: rashin kayan kiɗa bai cire musu mai su ba, muryar da aka naɗa dukiyar wani ce.

Akwai maganganu uku da ke yawo waɗanda ba su da tushe. Wai idan bai kai sakan 30 ba babu laifi. Wai idan ka rubuta "waƙar ba tawa ba ce" a ƙarƙashin bidiyo ka fita. Wai idan ka ƙara mata sauri na'ura ba za ta gane ba. Ko ba ta gane yau ba, tana iya ganewa bayan shekara, lokacin da bidiyon ya tara masu kallo. Taken gasar zakarun Turai, wanda kowa ke son bugawa idan 'yan wasa za su fito, shi ma yana ruɗin mutane. Gaskiya ne mai tsara kiɗa Tony Britten ya gina shi a 1992 a kan wani kiɗan tsohon makaɗin Turai Handel na 1727 da ba shi da mai shi yanzu, amma taken kansa mallakar UEFA ne.

A YouTube abu biyu ne, kuma ya kamata a bambance su. Na farko da'awar Content ID: na'ura ta gane waƙar, mai ita ya zaɓi ya kwashe kuɗin tallan bidiyon, ko ya toshe shi a wasu ƙasashe ko duk duniya. Wannan ba ya taɓa lafiyar tasharka, kuma a YouTube Studio kana iya yanke wurin, ko ka musanya waƙar, ko ka goge sautinta. Na biyu gargaɗin keta haƙƙi, wanda ke zuwa idan mai waƙa ya nemi a sauke bidiyo a hukumance. Uku cikin kwana 90, tasha ta tafi da duk wasannin da ke cikinta. Idan kana da lasisi, ka ƙalubalanci da'awar ka kawo hujjarka, mai ita yana da kwana 30 ya amsa. Idan ba ka da shi, kada ka ƙalubalanta don gwada sa'a, domin ta nan ne da'awa ke rikiɗewa ta zama gargaɗi. Gajeren bidiyo na Shorts da ya wuce minti ɗaya kuwa, da zarar da'awa ta hau kansa toshe shi ake yi. A shirin kai-tsaye abin ya fi tsanani, don ana iya katse shi ana tsakiyar wasa, ko da kana da lasisi, muddin mai waƙar bai sa tasharka cikin jerin waɗanda ya yarje wa ba.

TikTok da Instagram suna da rumbun waƙoƙi, amma na mai shafin kansa ne da ba ya talla. Da zarar tambarin gidan abinci ko kamfanin jigilar kaya da ya ɗauki nauyin gasar ya bayyana, bidiyon ya zama na kasuwanci. Sai a koma rumbun kasuwanci na TikTok ko Sound Collection na Meta. Kuma waƙar da ka ɗauka a rumbun TikTok ba ta bin bidiyon zuwa YouTube.

Babban gyaran yana fili, kafin a busa usur. Kada sautin da ke zuwa lasifika ya zama shi ne ke zuwa shirin kai-tsaye. A miksa, wato na'urar haɗa sauti, a fitar da layi biyu. Babban layi ya tafi lasifika da kiɗa da muryar mai sanarwa. Layi na biyu, wato aux, ya tafi kwamfuta ko wayar da ke watsa shiri, ɗauke da makirufon mai sharhi da na 'yan kallo kaɗai. A kashe makirufon jikin kyamara. A sa mutum ɗaya, aikinsa kenan, ya riƙa rage makirufon 'yan kallo duk lokacin da kiɗa ya tashi, wato fitowar 'yan wasa, bayan cin ƙwallo, da minti 15 na hutu. A wannan giɓin sai masu kallo a gida su ji kiɗan da kuke da lasisinsa. Lasifika ta fuskanci 'yan kallo ta ba kyamara baya. Idan kun sa lasifika ta biyu a nesa, ku tuna sauti yana cin kamar mita 343 a sakan. Wadda ke mita 30 daga ta farko tana buƙatar jinkirin kusan milisakan 90, in ba haka ba maganar mai sanarwa ta dinga ninkuwa ba a gane ta. Ƙarfin sauti kada ya wuce desibel 100 a matsakaicin minti 15, ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022. A filin da gidaje suka kewaye, tsakar dare, ku yi ƙasa da haka sosai. Mai kiɗa ya riƙe jadawalin sallah a gabansa, ya yi shiru tun kafin kiran sallah, kuma kada kiɗa ya tashi ƙwallo tana tafiya. Ku tambayi mai filin tun wurin biyan haya ko ya yarda da lasifika, da kuma wane izini yake da shi.

Wajen zaɓen kiɗan bidiyo, a fara da saurin bugu. Tarin ƙwallaye da yanka yana son bugu 120 zuwa 140 a minti. Hoton da aka sassauta, ko ɗaga kofi, 70 zuwa 90. A bugu 120, kowane bugu rabin sakan ne, wato firem 15 idan kana ɗauka a 30. Irin wannan kiɗa yakan sauya salo duk bugu 32, sakan 16 kenan, to ka ajiye ƙwallon da ta fi kyau daidai wurin sauyin. Ka fara shimfiɗa kiɗa, ka sa alama a kan bugu, sannan ka jera hotuna. Idan akwai sharhi, ka nemi kiɗan da babu waƙa a ciki, ka sauke shi desibel 15 zuwa 20 ƙasa da murya. Kada ka shafe ihun 'yan kallo da ƙarar dukan ƙwallo, su ne ran bidiyon. Jimillar sauti ta tsaya wajen -14 a ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS, don YouTube zai rage abin da ya wuce haka.

Rumbun kiɗan YouTube kyauta ne. Epidemic Sound da Artlist na biya ne, kuma dole ka shigar da tasharka a asusunka kafin ka saki bidiyo. Ƙaramin tsarinsu na mai tashar kansa ne, ba na wanda ake biya ya yi wa wani aiki ba, kuma buga kiɗan a fili ba lallai ya shiga ciki ba, a karanta. A Creative Commons, wato lasisin da wasu ke sakin kiɗansu kyauta bisa sharaɗi, mai alamar NC (ban da kasuwanci) ba ya shiga bidiyon talla, mai ND (ban da sauyawa) kuwa ba ya shiga bidiyo sam.

A ganina hanyar da ta fi duka ita ce gasa ta sa a yi mata takenta. Kalangu da ganga da kirarin ƙungiyoyi sun fi duk wani kiɗan rumbu tada tsimin 'yan wasanmu, ga shi kuɗin ya koma gida. Sai dai a rubuta yarjejeniya, ko da shafi ɗaya ce. Ta ambaci cewa izinin ya haɗa baituka da naɗi, fili da bidiyo da shirin kai-tsaye, duk dandamali, duk ƙasashe, har da bidiyon da ke ɗauke da talla, da tsawon shekarun da zai yi. Mawaƙin ya tabbatar a rubuce cewa kiɗan nasa ne, domin da yawa suna sayen kiɗa a intanet wanda aka sayar wa mutane da dama, wani cikinsu ya riga ya yi masa rajista. Ya kuma yarda ba zai sa taken a Content ID ta hannun mai rarraba masa waƙoƙi ba, ko kuma ya fara cire tasharku daga bincike. Ku karɓi taken a fayil ɗin sauti na WAV a 48 kHz, da wanda babu murya, da ganguna su kaɗai, da guntaye na sakan 10 don cin ƙwallo da na sakan 30 da 60 don talla. Takardar da rasidin biya su zauna a hannun mutum biyu cikin kwamitin gasar, tare da kwafi a imel ɗin tashar, domin kwamiti yakan sauya kowace shekara, da'awa kuwa tana iya zuwa bayan wanda ya sa hannu ya koma gida.