Abin da hanta take yi bayan an tashi daga tiren

Shekara uku ke nan ina taimaka wa kocin 'yan matanmu na ƙwallo a nan Aboabo, Kumasi, da ni ne mai ɗaukar ƙwallaye da ruwa, daga baya na koma mai sa ido a kan wa ya ci abinci wa bai ci ba. Akwai wata yarinya mai buga tsakiya da muke ji da ita sosai, kawai sai ta fara yin sanyi, minti 20 da fara wasa ka ga ta dafa gwiwa tana haki, kuma wallahi abin da ya fara zuwa raina lalaci ne, har na ce mata "ƙanwata in kin gaji da ƙwallo ki faɗa mana." Har yau maganar nan tana ci mini rai.

Mamanta ce ta kai ta gwaji. Jinin bai sauka ƙasa da 12 ba, wato a takarda ba ta da ƙarancin jini, amma feritin ɗinta, ma'ajiyar sinadarin ayon (ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi), ya kusa ƙarewa. Wata anti nas a unguwarmu ce ta zaunar da ni ta warware mini, ni kuma na je na ƙara karantawa.

Ashe ɗan wasa yana zubar da ayon ta hanyoyi da yawa, ta gumi, ta hanji, dukan ƙafa a kan busasshen fili ma yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, mace kuma ga al'ada duk wata. Amma wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne wani sinadari da ake kira hepsidin. Hanta ce take fitar da shi, aikinsa ya rufe ƙofar da ayon yake bi daga hanji ya shiga jini. In an yi tiren mai tsanani tsoka tana sakin wani sinadari IL-6, shi ke taso hanta, sai hepsidin ya hau, kuma ya fi yawa kamar awa 3 zuwa 6 bayan an gama. Toh mu muna tashi daga tiren ƙarfe 8 na safe, yaran su ruga makaranta ciki ba komai, sai wajen 12 su sayi waakye (shinkafa da wake), daidai lokacin da ƙofar take a rufe ke nan! Gudu da yunwa ma yana ƙara tunzura IL-6 ɗin. Ranar da aka yi na yamma kuma kowa sai wurin mai shayi, Lipton mai kauri da burodi, alhali ganyen shayi yana riƙe ayon ya hana jiki sha. Ni da kaina nake saya musu, ina ganin kyautatawa nake yi.

Yanzu kafin a shiga fili sai an sa wani abu a ciki ko da koko ne, ana tashi kuma a ci abinci nan take kafin hepsidin ya hau, ƙosai ko waakye da ɗan nama, a bi da lemon zaƙi saboda bitamin C yana taimaka wa ayon na wake da ganye. A gida na roƙi iyaye miyar kontomire (ganyen gwaza) da kifi, hanta in da hali. Shayi a ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu.

Iyaye biyu sun so su je kasuwar Kejetia su sayo tonik na ƙarin jini su raba wa kowa, na ce don Allah a'a, jiki ba ya iya fitar da rarar ayon da gangan in ya yi yawa, sai an gwada tukuna. Gwajin ma ba a yin sa ana cikin maleriya, zazzaɓi yana ɗaga feritin ya nuna kamar akwai alhali babu.

Yarinyar likita ya ɗora ta a kan ƙwayar ayon, ta ɗauki watanni kafin ƙarfinta ya dawo, ba sati biyu ba kamar yadda koci ya so. Ranar da ta gama wasa cikakke ba a canza ta ba na same ta a bakin fili na ba ta haƙuri a gaban mamanta.