Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da bencinanmu suka zama toka

A makon jiya na tsaya a inda na bar Dogon Dutsi na buɗe shagon kafinta a Yamai. Yau kuma zancen Monsanyar Laurent Lompo ne, akbishop, wato babban bishop na cocinmu na Katolika a Yamai, domin rayuwata ta cuɗanya da tasa, ko da shi bai sani ba.

Tun tasowata, duk wanda ya riƙe sandar bishop a Yamai daga Faransa ya zo. Tsofaffinmu sun ga Berlier, mu muka ga Romano, sai Michel Cartatéguy, wanda a hannunsa Yamai ta samu matsayin akbishop a 2007. Mun ƙaunace su. Amma akwai maganar da ke sosa mini rai a kasuwar katako, in an ce addininmu na baƙi ne. Ni da aka yanke wa cibiya a Arewa!

Lompo Bagurme ne, haifaffen yankin Makalondi a 1967, ya zama fada, wato limamin coci, a 1997. A 2013 aka naɗa shi mataimakin bishop, ɗan Nijar na farko da ya kai wannan matsayi. A watan Oktoban 2014 Paparoma Francis ya ce shi ne zai gaji Cartatéguy. Ranar da labarin ya iso na ajiye zarto, na saya wa yaran shago nama.

Wata uku bayan haka wuta ta tashi. Zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa ya harzuƙa jama'a, mu ma bai yi mana daɗi ba, amma a kanmu fushin ya sauka. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 aka fara a Damagaram, washegari Asabar abin ya iso Yamai. Mutum goma suka rasu a kwana biyun nan. Majami'u da dama sun ƙone, har da tamu. Bencinan cikinta da hannuna na ƙera su, ɗaya bayan ɗaya, na san wanda ƙafarsa ke rawa da wanda na sake wa ƙusa.

Da hayaƙi ya turnuƙe unguwa, maƙwabcina, dattijo ne mai tallar goro, ya buga mini ƙofa.

"Kafinta, kwaso iyalinka ku shigo gidana."

Na ce, "Baba Alhaji, kada mu jawo maka fitina."

Ya ce, "Wanda zai taɓa ku sai ya fara tsallake ni. Maza!"

Kwana biyu muka yi a ɗakin uwargidansa. Ita ta riƙa dama wa yarana fura. Har gobe in na ga tsohon nan a kan tabarmarsa sai na durƙusa na gaishe shi.

A cikin wannan hali Monsanyar Lompo ya karɓi ragama, a watan Yunin shekarar. Sau da yawa nakan yi tunanin nauyin da ya ɗauka: mu Kiristoci ba mu kai kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen ƙasar ba, ga gine-gine ba rufi, ga wasu sun gudu sun bar gari. Da na gan shi da doguwar hular nan da sanda a hannu, baƙin mutum irina, wanda ya san zafin rani da ɗanɗanon tuwon hatsi, hawaye suka zubo mini. Matata ta miƙo mini bakin zanenta.

Aikin sababbin bencina ni aka sake ba. Katako ya yi tsada a lokacin, na rage kuɗin hannuna don a samu su cika. Ɗan Baba Alhaji na biyu, wanda ke koyon aiki a wurina, shi ya goge su ya shafa musu mai.

Mako mai zuwa zan kawo muku tafiyata Makalondi a 2018, shekarar da aka sace Fada Maccalli, wani limamin cocinmu, a ƙauyen Bomoanga na yankin, da abin da na tarar a hanya.