Ana ga yaƙi, ni ina ga ƙura

Ciwon fuka gadonsa na yi daga wajen mahaifiyata, kuma duk shekara hunturu yakan zo ya karɓi harajinsa ya wuce. Na farkon 2023 dai bai tsaya a haraji ba. Wata Alhamis cikin Janairu na fito sallar asuba, hazo ya rufe layinmu ruf, fitilar masallaci sai ka ce an lulluɓe ta da tsumma. Kafin liman ya sallame ƙirjina ya fara kuka kamar ɗan mage. Da hantsi ina kan gadon asibiti an kifa mini roba a hanci. Da yamma likita ta sallame ni, tana rubutu tana cewa, "Malam, sati uku ko ƙofar gida kada ka leƙa, sai dai in dole ce ta kama. Wannan ƙurar ba sa'arka ba ce." Na aika wa makarantar da nake koyarwa takarda, na shiga ɗaki na ja ƙofa.

Wani abokin aikina mai koyar da labarin ƙasa ya taɓa faɗa mana a ɗakin malamai cewa da yawa daga cikin wannan ƙurar daga Bodele take tasowa, wani busasshen kwari a arewacin Chadi da tsohon tafkin ya janye ya bari, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta har Kano. A lokacin dariya muka yi. Da na kwanta ina kallon yadda take tsiyayowa ta ƙasan ƙofa, sai na riƙa jin haushinta kamar mutum, baƙuwar da ta yi doguwar tafiya don kawai ta zauna mini a ƙirji.

Daren farko muka yi kuskuren da ya kusa mayar da ni asibiti. Sanyi ya yi sanyi, maiɗakina ta shigo da kaskon garwashi ta rufe taga don in ji ɗumi. Wajen ƙarfe ɗaya na farka kaina yana sarawa, numfashi yana yankewa. Garwashi a rufaffen ɗaki yana kashe mai lafiya ma, balle ni. Tun daga ranar kasko ya koma tsakar gida. Turaren wuta ya bi bayansa, wanda ita a wajenta ba ƙaramar sadaukarwa ba ce, sannan maganin sauro mai hayaƙi. Aka daina shiga ɗakina da tsintsiya, sai dai a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Ta jiƙa wani tsohon zaninta ta rataya a taga, kafin azahar ya bushe ya yi jawur da ƙura, ta wanke ta sake ratayawa. Ruwan ɗumi a fulas, man kaɗanya a leɓe da dunduniya. Wannan ɓangaren na jinya mun iya shi cikin kwana uku.

Wanda ban iya ba shi ne wayar da ke hannuna.

Wanda ya zauna a Najeriya a wannan lokacin ya san irin zaman da ake yi. An sa zaɓen shugaban ƙasa 25 ga Fabrairu. Babban Banki ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, aka ce tsofaffin za su daina aiki 31 ga Janairu, mutane suka kwashi abin da ke hannunsu suka zuba a banki, sababbin kuma suka zama sai wane da wane. Ga layin mai. Da ina da lafiya, da duk wannan a teburin mai shayi zan ji shi, a yi musu, wani ya tsokani wani, a yi dariya, a watse. Musun majalisa yana da lokacin tashi. Na waya ba shi da shi. Da rana ina Facebook ina kokawa da mutanen da ban taɓa gani ba, da la'asar sojojin baka suna zage-zage a rediyo, da dare kuma saƙonnin murya na WhatsApp, kowanne da "wani babba ne ya gaya wa yayana".

Kuma ba zan ce tsoron nawa na banza ba ne. A 2015 an ɗaga zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. A 2019 mun kwanta da niyyar fita zaɓe, muka tashi da asuba muka ji an ɗaga da mako guda. Ga juyin mulki a maƙwabta: Mali sau biyu, 2020 da 2021, Gini 2021, Burkina Faso sau biyu cikin 2022 kaɗai. To da aka fara raɗe-raɗin gwamnatin riƙon ƙwarya, sai na ɗauki abin na rungume. Nakan kwanta in tsara yadda za ta kasance dalla-dalla: rashin kuɗi ya jawo tarzoma, tarzoma ta jawo dokar ta-ɓaci, sai mu wayi gari da kiɗan badujala a rediyo. Ina kaiwa nan ƙirjina zai ɗaure, in laluba abin shaƙa a ƙarƙashin matashi.

Gwangwanin abin shaƙar nan fesa 200 yake ɗauka. A shekarun baya ɗaya yakan raka ni har bazara. Wannan karon kafin ƙarshen Janairu na girgiza shi na ji wayam. Sai daga baya na lura yawancin fesar ba da asuba nake yin ta ba, lokacin da ɗari ya fi cizo. Tsakanin sha ɗaya ne da ƙarfe biyu na dare, waya a hannu.

Na aiki babban ɗana kemis da tsofaffin 500 guda biyar da suka rage mana. Ya dawo da su, mai kemis ya ce shi ma ba shi da inda zai kai su. Muka gwada tura masa ta waya, kuɗin suka fita daga asusuna suka tsaya a iska, ba su je ba, ba su dawo ba. Mai POS na bakin titi ya rufe rumfa. Ga albashina a banki lafiya lau, ga ni zaune a bakin gado ina jan numfashi da kafaɗu. Maiɗakina ta yafa mayafi ta fita ba ta ce mini komai ba.

Sai ga sallamar maƙwabcinmu, dattijon da duk layin muke kira Baba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Ya shigo da rawani naɗe har hanci, da gwangwanin madara a hannu. Ya zauna a kan tabarma ya zazzage shi. 'Yan naira 100 ne da 50 da 20, wasu sun yi laushi kamar ganyen rama, waɗanda yake tarawa don sadakar Juma'a. Su canjin bai shafe su ba, ga shi ranarsu ta zo. Ya riƙa lasar yatsa yana ƙirgawa a hankali, yana miƙar da kowace a kan gwiwarsa, har ya haɗa dubu biyu da ɗari biyar ya miƙa wa yaron. "Maza jeka. Wannan makon ubanka ne almajirina."

Da magani ya zo na samu kaina, sai na buɗe masa cikina. Na ce, "Baba, ni fa ina ganin ƙasar nan ba za ta kai ranar zaɓe ba." Ya saurare ni har na gama lissafin Mali da Burkina. Sannan ya ce shi hunturu bai taɓa ba shi tsoro don sanyi ba. Yana saurayi, cikin azumi, cikin irin wannan ɗarin, aka wayi gari 15 ga Janairu 1966 an kashe Sardauna, Tafawa Balewa kuma an tafi da shi. Murtala, 13 ga Fabrairu 1976, ranar Juma'a. Shagari kuwa ranar ƙarshe ta 1983 aka kifar da shi, kuma bayan 'yan watanni, a 1984, wannan Buharin dai ya canza launin kuɗi, suka yi layi a banki kamar yadda muke yi yanzu. Na ce, "To ai ka ga abin da nake faɗa." Ya ce, "A'a. Ni duk cikinsu ba wanda na sani kafin ya faru, kuma da na sani ɗin ba abin da zan iya. Kai dai, ka karɓo katinka?"

Na yi shiru. Mun tashi daga tsohuwar unguwarmu a 2022, na nemi a dawo mini da rajistata nan kafin a rufe a watan Yuli, sabon katin zaɓe ya fito, ni kuma kullum sai gobe. Ga ni na shafe kwana goma sha ina koya wa mutane darasin dimokuraɗiyya a Facebook, har da kafa hujja da zaɓen 12 ga Yuni 1993 da sojoji suka soke, alhali da za a yi zaɓe a ranar ko layi ba za a bar ni in shiga ba. Baba ya tattara gwangwaninsa ya ce, "Ana ga yaƙi kana ga ƙura." Ya kalli zanin da ke taga, ya yi dariya har da tari. "Kodayake kai taka ƙurar ta gaske ce."

Katin ba a karɓar wa mutum, sai ya je da kansa. Allah ya taimake ni hukumar zaɓe ta ƙara wa'adin karɓa zuwa 5 ga Fabrairu. Ranar Asabar, saura kwana ɗaya, na jira rana ta take, na sa takunkumi biyu, abin shaƙa a aljihun gaba, ɗana ya goya ni a babur zuwa ofishin ƙaramar hukuma. Na tarar da layi, mata sun fi yawa, wasu da goyo, fuskokin yaran sun yi furu-furu. Ba wadda take maganar gwamnatin riƙon ƙwarya. Hirarsu ita ce yadda mai niƙa ya koma karɓar gwangwanin masara a maimakon kuɗi, da wace mai shago ce ta yarda da bashi. Awa biyu da rabi na yi. Daren nan na biya kuɗin fitar da tari, amma na yi barci, abin da na kwana biyu ban yi ba.

Bayan nan na sa wa kaina doka, kuma ina ba duk wanda ciwo ko sanyi ya kulle a gida shawararta. Labarai sau biyu a rana, safe da dare, a rediyo, inda akwai mai karantawa da zai ce a nan muka kawo ƙarshen shirin. Ana sallar isha'i waya ta koma hannun maiɗakina. Saƙon murya da bai faɗi sunan wanda ya faɗa ba, ba na tura wa kowa, don na gane ni ma ina cikin masu hura wutar da take ƙona ni. In abin ya taso mini da dare, sai in tambayi kaina ko akwai wani abu a ciki da zan iya yi gobe da hannuna. Yawanci babu. Wani lokacin akwai: na kira ƙannena biyu na tabbatar sun san rumfarsu, na nuna wa matan gidanmu yadda ake dangwalawa ba tare da tawada ta tsallaka gidan wata jam'iyya ba. Na kuma roƙi Baba ya riƙa shigowa bayan la'asar. Ashe rabin ciwon kaɗaici ne.

Ba zan ce Baba ya yi daidai a komai ba. Haƙurin mutanensu wani lokaci yana kama da sallamawa, kuma na faɗa masa. Wanda ya ga juyin mulki iri-iri yakan ɗauka duk abin da ya zo zai wuce, ya manta cewa ba kowa yake wucewa tare da shi ba. Watanni biyar bayan zaɓenmu sojoji suka tsare shugaban Nijar Bazoum a Yamai, aka rufe iyaka, 'yan uwanmu na Maraɗi suka ga abin da nake tsoro da idonsu. A zaɓen namu ma, na'urar BVAS ta tantance ni ba matsala, amma sakamakon shugaban ƙasa da aka yi alkawarin ɗorawa a intanet daga rumfuna bai hau a kan lokaci ba, kuma har yau wannan yana ci mini rai. Mutum sama da miliyan 93 ne a rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Ɗaya daga cikin waɗanda muka fi yin zafi da su a Facebook, daga baya ya faɗa mini bai je ba, wai rana ta yi zafi.

Ran zaɓe hazo ya riga ya ɗaga. Na riƙe wa Baba kujerarsa ta roba har rumfa, aka shigar da shi gaba saboda shekaru, ya fito yana hura babban yatsansa.

Bashinsa sai cikin Maris na biya, bayan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga wata cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Na kai masa 500 ɗin nan guda biyar da mai kemis ya dawo mana da su, suna nan yadda suke a cikin littafin da na ajiye su. Ya juya su, ya ɗaga ɗaya a hasken rana, ya miƙo mini. Ya ce in je in samo masa canji, almajiransa ba su da inda za su kai ɗari biyar.