Dalilin da manhajarka ke kasa karanta sunan nau'i daga DWARF

Masu rubuta manhaja a nan Jos da ke ƙera nasu kayan karanta bayanan gano kuskure sukan ɗauka kowane nau'i (type) yana da sunansa a rubuce cikin DWARF, tsarin da ake ajiye waɗannan bayanan a ciki. Ba haka ba ne. `int` da `typedef` da `struct` mai suna suna ɗauke da DW_AT_name, amma manuni (pointer) ba shi da shi. Sunansa harhaɗa shi ake yi.

Ɗauki `const char *`. Shigarwar farko DW_TAG_pointer_type ce, DW_AT_type ɗinta ta miƙa ka ga DW_TAG_const_type, ita kuma ta kai ka `char`. In `const` ce ta zo farko, `char *const` ke nan, wani abu daban. In kuwa manuni ba shi da DW_AT_type sam, fayil bai lalace ba, `void *` ne.

Inda aka fi shan wahala shi ne lissafin tazara. DW_FORM_ref4, tazarar da ke kai ka ga wata shigarwa, daga farkon sashen fayil (compilation unit) ɗin da kake ciki ake ƙirga ta, ba daga farkon `.debug_info` ba. Sashe na farko a sifili yake farawa, shi ya sa gwaji da fayil ɗaya yakan tafi lafiya lau. Da ka haɗa fayil na biyu sai sunaye su rikice. Ƙara tazarar sashen, amma kada ka yi wa DW_FORM_ref_addr haka, ita daga farkon `.debug_info` take.

DWARF 5, wanda ya fito a 2017 kuma manhajojin harhaɗawa (compiler) GCC 11 da Clang 14 suka mayar da shi na yau da kullum, ya kawo DW_FORM_strx, sabuwar hanyar nuna inda suna yake. Lambar da ke ciki lambar matsayi ce a jeri (index), ba tazara ba. Ka ninka ta da bayit 4 a tsarin DWARF na 32-bit, ka ƙara DW_AT_str_offsets_base, ka karanta a `.debug_str_offsets`, sannan ka je `.debug_str`. Tsohuwar manhajar da DW_FORM_strp kaɗai ta sani a nan take tsayawa cak.

Kada ka gwama nau'i biyu da suna kawai. GCC na rubuta `long unsigned int`, Clang na yanzu `unsigned long`. Duba DW_AT_encoding da DW_AT_byte_size. Jerin `char[16]` ma haka: GCC ya ba ka DW_AT_upper_bound 15, Clang ya ba ka DW_AT_count 16.

Bayan gyara, harhaɗa fayiloli biyu da `-g` a GCC da Clang, ka gwada sakamakonka da na `llvm-dwarfdump --debug-info` da `ptype` na GDB, manhajar gano kuskure.