Abin da ɗakin sikanin ya koya mini game da ƙaramin ciki

A wajenmu mace ba ta zuwa asibiti da cikin wata biyu don sha'awar gani kawai. Ƙaramin ciki abin ɓoyo ne, balle na fari, ko uwar da ta haife ta sai dai ta gane daga laulayi. Awo kuwa sai ciki ya fito, wata biyar ko shida. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai juna biyu sikanin sau ɗaya kafin mako 24, amma waɗanda ke shigo mini da cikin mako shida ko bakwai, a asibitin da nake aiki a nan Jihar Kebbi, kusan duk wani abu ne ya koro su: ɗigon jini a zane, ciwon mara, ko tsoron ɓarin da aka yi bara. Tun kafin ta hau gado gabanta faɗuwa yake yi. Allon na'urar baƙi da toka-toka ne a wajenta, don haka fuskata take karantawa.

Ni ungozoma ce, daga baya aka tura ni kwas ɗin sikanin. Wata dattijuwar sista da na tarar a ɗakin ita ta nuna mini abin da ba ya cikin littafin kwas. Ta ce kafin ki ɗora kan na'urar a mararta, ki gaya mata, "Zan yi shiru in duba da kyau, shiruna ba ya nufin komai, in na gama zan juyo miki da allon mu gani tare." In kuma kin hango bugun zuciya, ki fara faɗa mata, awo ya biyo baya. Minti biyu na shiru ga macen da ke kwance da mara cike da fitsari, an shafa mata man nan mai sanyi, ga surukarta a bakin ƙofa, ba ƙaramin lokaci ba ne.

Matsalar farko ta lissafi ce. A asibiti ana ƙirga ciki daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, alhali shigarsa kan zo wajen mako biyu bayan nan, kuma ba kowace mace ce ƙwanta ke fita a kan lokaci ba. Matanmu da watan sama suke ƙirge: "tun tsakiyar azumi na yi ɓatan wata", ko "bayan cika-ciki ne". Wadda ta yi kwanika, tana goyo ciki ya shiga, ba ta ma da al'adar da za ta ƙirga daga kanta. Saɓanin mako guda a wannan matakin babba ne. A mako biyar jakar ciki kaɗai ake gani, ɗan baƙin zagaye a cikin mahaifa. Bayan 'yan kwanaki wani ƙaramin zagaye ya bayyana a cikinta. Sai wajen mako shida ake fara ganin ɗan tayin kansa, bai kai ƙwayar shinkafa ba, da ɗan motsin zuciya. Wannan kuma idan da kan na'urar da ake sakawa ta gaba aka duba. Mu yawanci ta saman mara muke dubawa, don mata da yawa ba sa yarda da wancan, ba kuma ko'ina ake da shi ba, don haka sai an ƙara wajen mako guda a kan kowane mataki.

Ke nan jakar da babu kowa a ciki tana iya zama cikin da ya lalace, tana kuma iya zama lafiyayyen cikin da aka yi saurin leƙawa. Ƙa'idar da ake bi yanzu, ba a cewa ciki ya lalace sai tsawon tayi ya kai milimita 7 babu bugun zuciya, ko faɗin jakar ya kai milimita 25 babu tayi a ciki. A da a Ingila milimita 6 da 20 ne. A 2011 aka ɗaga, bayan bincike ya nuna da tsohon ma'aunin ana iya yanke wa ciki mai rai hukunci, kuma ma'aikata biyu kan auna jaka ɗaya su sami bambanci. Duk abin da bai kai nan ba, a sake dubawa bayan aƙalla mako guda, in ta saman mara ne bayan mako biyu.

"Ki dawo bayan mako biyu" magana ce mai sauƙi a baki. Ga wadda ta taso daga ƙauyen da ke gaba da Kamba ko Dakingari da damina, kuɗin kabu-kabu ne na mutum biyu zuwa da dawowa, da kuɗin sikanin na biyu, da neman izinin maigida da ba lalle ya ga dalilin sake tafiya ba. Ga kuma gajeriyar hanya a kemis ɗin bakin kasuwa, inda ake sayar da misoprostol, ƙwayar da ke sa mahaifa ta fitar da abin da ke cikinta, ba tare da an tambayi kowa komai ba.

Wata yarinya mai cikin fari ta zo da surukarta, riƙe da takardar wani shagon sikanin na cikin gari, rubutu layi uku da Turanci. Tsohuwar ta ce, "Malama, mi kig gani? Can anka ce muna babu komi ciki, sai a wanke." Tana magana tana taɓa wani ƙulli a bakin mayafinta. Na auna jakar, da kyar ta kai rabin ma'aunin. Na ce, "Inna, ba zan ce miki akwai ba, ba zan ce miki babu ba. Cikin ya yi ƙanƙanta da a yanke masa hukunci yau. Abin da kika ƙulle a mayafin nan ki bar mini shi, in ta kama a sha, ni da hannuna zan ba ta." Ta daɗe tana kallona kafin ta sa haƙori ta kwance. Ƙwayoyi ne a cikin ledar fiya wata. Da suka dawo an ga tayi da bugun zuciya. Da yawa kuma sukan dawo a tarar da jakar yadda aka bar ta, amma ko su jiran bai cutar da su ba, muddin babu zazzaɓi, babu jini mai yawa, babu ruwa mai wari. Waɗannan ukun nake nanatawa har sai wadda ta rako ta ta maimaita mini da bakinta, don in ɗaya ya bayyana ba a jiran ranar dawowa.

Kalmar da na hana kaina a wannan tsakanin ita ce "ba komai". Tana da daɗin faɗa, mai ji ma tana so, amma in ta dawo ciki ya zube, ba za ta ƙara yarda da maganar asibiti ba. Nakan ce akwai fata, akwai kuma yiwuwar ba zai tsaya ba, mu yi addu'a mu kuma jira. Kwanciya ba ta riƙe cikin da zai fita, bincike bai nuna haka ba. Sai dai in suruka da kanta ta ce za ta ɗauke wa yarinya surfe da ɗiban ruwa na mako biyu, ba ni ce zan buɗe mata littafi ba.

In ta tabbata ciki ya lalace, kafin komai sai in sallami kowa in tambaye ta, "Wa kike so ya ji, kuma daga bakin wa?" Wata mijinta take so, wata ta ce a kira mata innarta ta gida, wata kuma roƙona take yi in faɗa wa surukar da kaina don kada a ce ita ta zubar. Da ma kafin a bar harabar asibiti an fara neman mai laifi. Daka ne, hawan babur ne a hanyar da ba kwalta, kishiya ce, namijin dare ne, ko kuma ita ce ba ta son haihuwa. A cikin kowane ciki goma da aka san da shigarsu, ɗaya zuwa biyu ɓarewa suke yi, mafi yawa a wata ukun farko. Wajen rabin waɗannan, tun ranar da ƙwai da maniyyi suka haɗu ƙwayoyin halittar ba su jeru daidai ba, babu aikin da ta yi ko ta bari da zai canja wannan. Akwai abubuwan da ke ƙara haɗarin da gaske, irin su zazzaɓin cizon sauro mai zafi, da ciwon suga da ba a kula da shi, da shekaru in sun ja, su nake dubawa. Mafi yawan matan da suka yi ɓari sau ɗaya, cikin gaba lafiya suke sauka. Wannan maganar a gaban miji nake son a yi ta, don shi za a tambaya a zaure.

Inda na fi taka-tsantsan shi ne in an ce ciki ya kwanta. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san matar da aka ce cikinta ya kwanta shekara biyu sannan ya tashi, kuma littattafan fiƙihun Malikiyya sun yi maganar ciki na iya kai shekara huɗu ko biyar. Idan na ce wa mace zuciyar tayi ta tsaya, ita kuma jini bai zo mata ba, har yanzu tana jin tashin zuciya, wace hujja gare ta ta yarda da ni? Ba na jayayya da ita a kan abin da kakarta ta gaya mata. Na lura kwantaccen ciki yakan zama mafaka ga matar da ta daɗe ba haihuwa a gidan da ake ƙirga 'ya'ya, in ka fizge mata shi a gaban dangin miji ka bar ta a fili. Sai in tsaya a kan wannan cikin da ke gabana: ga tsawonsa wancan zuwan, ga shi yau, bai ƙaru ba, zuciya ba ta motsi. In ta ce tana son a sake dubawa a Birnin Kebbi, sai in rubuta mata takarda da hannuna. Gara ta ji daga baki biyu da ta koma gida ta yi wata uku tana shan jiƙo don a tayar da shi.

Bayan nan hanya uku ce: a jira ya fita da kansa, a ba da ƙwayar a ƙarƙashin kulawa, ko a yi wankin mahaifa. Wadda gidanta ke nesa da asibiti nakan karkata da ita ga wanki, don jinin tsakar dare a ƙauyen da sai an shiga kwalekwale ba abin wasa ba ne. Nakan duba rukunin jininta, saboda mai nagetif tana iya buƙatar allurar da za ta kare cikin gaba. Tambayar da ba ta wucewa ita ce ta sallah, jinin biƙi ne ko na ciwo. Wannan ta malamai ce, ni dai nakan gaya mata makon da cikin ya kai da abin da ya fita, don ta sami abin da za ta faɗa wa malamin.

Akwai kuma inda jira shi ne haɗarin. In gwajin fitsari ya nuna ciki, mahaifa kuma wayam, ga ciwo a gefe ɗaya na mara, to sai an tabbatar ba a wajen mahaifa ya zauna ba. A cikin kowane ciki ɗari, ɗaya zuwa biyu haka suke, kusan duk a bututun da ƙwai ke bi, wurin da ba ya iya buɗewa ya ɗauki girman ciki. In ya fashe jinin a cikin ciki yake zuba, a waje ɗigo kawai za a gani, sai jiri, da ciwon kafaɗa, da tafin hannu fari fat. A nan muryata takan canja. "Malam, ba maganar gobe ba ce. A kira 'yan'uwa masu ba da jini yanzu, kai kuma ka sa hannu." Abin da ke tsayar da maza shi ne jin za a cire bututu, suna ɗauka haihuwa ta ƙare ke nan, har wani ya ce bari ya je ya yi shawara da manya. Tun kafin ya tambaya nake gaya masa bututun biyu ne, da ɗaya ma ana haihuwa.

Sauran abubuwan ba-zata masu sauƙi ne, in dai an yi bayani. Ƙullin ruwa a ma'ajiyar ƙwai, wanda kan firgita mata in sun ga an rubuta, yawanci shi ke ba da sinadarin da ke riƙe ciki a farko, yakan baje da kansa bayan wata uku. Ɗan jinin da ya kwanta a gefen jaka mafi yawa shanyewa yake. Ƙarin mahaifa ya yi yawa a matanmu, da dama sun haihu da shi ba su sani ba. 'Yan biyu kuwa, sai an yi dariya da salati tukuna nake ƙarawa da cewa a wannan ƙanƙantar wani lokaci ɗaya kan ɓace ɗaya ya ci gaba. Mai tambayar mace ne ko namiji a wata biyu, nakan ce ta dawo in ya kai wata biyar.

Wanda har yau yake ba ni wuya shi ne cikin da mabiyiya ke rikiɗewa ta zama ƙananan ƙululai masu ruwa ta cika mahaifa, ga amai mai tsanani, ga ciki ya fi watanninsa girma. Wankewa ba ta isa ba. Dole a riƙa auna sinadarin ciki a jini har ya sauka ya zauna, a kuma dakata da ɗaukar wani cikin na wasu watanni, galibi wajen shida, don kaɗan daga ciki kan zama ciwon daji, wanda ke jin magani sosai in an kama shi da wuri. Amma mace ta ji sauƙi, jini ya tsaya, ga aikin shinkafa a fadama, ga kuɗin gwaji da na mota, ga dangi na cewa ta yi sauri ta mayar da gurbi. Na buɗe wani littafi na daban don irinsu, da lambar miji da ta wani ɗan'uwanta na jini, da ranar kasuwar garinsu, don in haɗa musu ranar gwaji da ranar da mota ke fitowa. Wasu suna zuwa. Wasu layin a kashe yake, sai in aika ta bakin ma'aikaciyar lafiyar ƙauyen in ta shigo karɓar allurar rigakafi.